Na raba su rukuni-rukuni, aji ya koma kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ɗalibaina 60 ne, littafin adabin da muke karantawa kuwa kwafi 15 kacal. Duk sanda na raba su don su tattauna, ko dai aji ya kaure da surutu, ko su yi tsit su bar wa mai kaifin baki ɗaya. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwafi 15 sun ishe ki: mutum huɗu, littafi ɗaya. 'Yan bencin gaba su juyo su fuskanci na baya, ba sai an ja kujeru ba.

Surutun da shirun tushensu ɗaya: yaran suna zama hannu rabbana, ba su zo da abin faɗa ba. Wani malami a Amurka, Harvey Daniels, ya fitar da littafi a 1994 kan wannan tsari, kuma abin da ya fi yaɗuwa daga ciki shi ne a ba kowane ɗalibi aikinsa tun kafin a karanta. Wannan ya kawo tambaya, wancan ya taƙaita abin da ya faru, ɗaya ya tsamo kalmomin da suka cije masa, ɗayan ya faɗi inda labarin ya yi kama da abin da ya gani a gida ko unguwa. Kowane mako a yi musaya. Shi Daniels kansa daga baya ya ja kunne kada takardun rabon aikin su zama dutse a wuyan yara. Da zarar bakinsu ya buɗe, ki ajiye su.

Inda nake so ki fi ɓata lokaci shi ne tambaya. Yaranmu sun saba da mai amsa ɗaya, irin ta jarrabawa. A ce labarin yaro ne da ya saci kuɗin cefane. "Wa ya ɗauki kuɗin?" kalma ɗaya ta kashe ta. Amma "me ya sa uwar ta yi shiru bayan ta gane?" za ki ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta dafa shafin tana cewa a'a, ku duba nan. Ki kira rukuni ɗaya gaban allo, ki zauna cikinsu, ku gwada sauran suna kallo.

Mai kaifin bakin kuwa, ki ba kowa ƙwayar wake uku. Wanda ya yi magana ya ajiye ɗaya. In sun ƙare sai saurare.

Na san wasu malamai ba za su yarda da ni ba, amma in muhawara ta yi zafi suka zame zuwa Hausa, kada ki tsawata. Sharaɗi dai hujja a karanto ta daga littafin da Turanci, rahoton rukuni ma da Turanci. In darasin minti 40 ne, 15 karatu, 15 tattaunawa, sauran ki ji daga rukuni uku, mako mai zuwa wasu ukun. Ke kuma ki riƙa zagayawa da ɗan littafinki, kina rubuta sunan wanda bai ce uffan ba, don ki san wa za ki ba tambaya a zama na gaba.