Amsa kan tambayar Barazil: ba ƙwallo kaɗai ba ce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ji saƙonka, kana tambaya wai Barazil ƙasar Turawa ce ko ta baƙaƙen fata, tunda ka ga 'yan ƙwallonsu kala-kala ne, kuma wai gaskiya ne an taɓa kai Hausawa can? To zan amsa maka da murya, don rubutu ba zai ɗauke shi ba. Ku yi haƙuri idan ta ɗan yi tsawo.

Ƙasar nan tana da masu ita tun asali, ƙabilu irin su Tupi da Guwarani. Turawan Fotugal sun sauka a gaɓarta a 1500, shi ya sa har yau harshen Fotugal suke yi, alhali yawancin maƙwabtansu irin su Ajantina da Kolombiya Sifaniyanci suke yi. Da suka zo suka ga ƙasa mai albarka, sai suka buɗe gonakin rake don yin sukari. Aikin rake kuwa yana cin mutane. 'Yan ƙasa suka yi ta mutuwa saboda cututtukan da baƙin suka kawo da kuma azaba, sai Turawan suka juyo Afirka neman bayi.

A nan nake so ku saurara da kyau. Mutanen Afirka da aka sauke a Barazil sun haura miliyan 4. Amurka da kullum ake ba mu labarinta, waɗanda aka kai can kai tsaye ba su wuce wajen dubu 400 ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na duk wanda aka tsallakar da shi teku, Barazil aka kai shi. Da farko rake, sannan haƙar zinariya a yankin Minas Gerais, daga baya gonakin kofi. Kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a duk nahiyar Amurka da ta soke bauta, sai ranar 13 ga Mayu 1888.

Batun Hausawa kuwa, ƙwarai da gaske, an kai su. Bayan jihadin Shehu ya soma a 1804, yaƙe-yaƙe sun yi yawa a ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarbawa. Wanda aka kama a fagen yaƙi ko aka sace a hanya, sai a yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, Ikko ko Wida (a Jamhuriyar Benin ta yau), daga nan sai jirgin ruwa zuwa yankin Bahiya na Barazil. Abin da zafi, amma dole a faɗa: Bature ya saya, mu ne muka sayar.

Waɗannan bayin Allah ba su kwanta ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa a Salvador, babban birnin Bahiya. A 1809 aka yi wani a ƙauyukan kewaye. A 1814 suka afka wa wuraren kamun kifi a Itapuwa, kusa da birnin, suka ƙona su. Babban kuwa shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, a goman ƙarshe na azumi. A wannan karon Yarbawa Musulmi suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki. Akwai wani malami Bahaushe da ake kira Dandara, 'yantaccen bawa ne, yana sana'ar taba, yana kuma koyar da karatu. Akwai dattijo Licutan, malamin Yarbawa, wanda yake tsare a gidan yari, almajiransa suka yi ƙoƙarin fito da shi ba su samu sa'a ba. An tona musu asiri kafin lokacin da suka sa, dole suka fito tsakar dare ba shiri. Wajen mutum 600 ne, sanye da fararen riguna, da layu a wuya, takubba da wuƙaƙe a hannu, suna fuskantar sojan doki masu bindiga. Kafin gari ya waye an kashe kimanin 70. An harbe huɗu bayan shari'a, wasu aka yanke musu bulala ɗaruruwa, wasu aka kora zuwa Afirka.

Abin da ya fi taɓa ni, 'yan sanda sun ƙwace alluna da takardu masu ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, kuma wasu takardun suna nan ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Bahiya. Mutum an raba shi da uwa da uba da gari, an sauya masa suna, amma ya tsallaka teku da karatunsa a ka, ya zauna ya rubuta ya koya wa wani. Wallahi ya kamata a ce ana karantar da wannan a makarantunmu.

Waɗanda suka dawo sun bar alama. A Legas ana ce musu Aguda, magina ne da kafintoci, ɗayansu ne ya jagoranci ginin masallacin Shitta Bey da aka buɗe a 1894. 'Yan uwanmu na Ankara ta ƙasar Gana sun san mutanen Tabom a unguwar Jamestown, su ma daga Barazil kakanninsu suka dawo. Abinci ma ya yi tafiya ta ɓangarorin biyu. Rogon da muke ci asalinsa daga can ne. Su kuma a titunan Salvador za ka ga mata cikin fararen kaya suna tuyar ƙosai da manja, suna kiransa akaraje, su tsaga shi su zuba yaji da jatan lande. Addinin gargajiya na Yarbawa ma yana nan da rai, suna kiransa Kandombile, ko da yake yawancin jama'ar ƙasar Kiristoci ne, Katolika suka fi yawa.

Yanzu amsar tambayarka ta farko. A ƙidayar 2022 sun kai mutum miliyan 203. Wajen kashi 45 suka ce su ruwa biyu ne, kashi 43 farare, kashi 10 baƙaƙe. Ka ga idan ka haɗa ruwa biyu da baƙaƙe sun haura rabi. Akwai kuma jikokin Italiyawa da Jamusawa da Kwarori 'yan Labanan da Siriya, har da Japanawa da suka fara zuwa a 1908.

Sai dai kada yawan cuɗanya ya ruɗe ka. Da aka 'yanta bayi a 1888, ba a ba su gona ba, ba a ba su makaranta ba, ba a ba su ko sisi ba. Gwamnati ta gwammace ta biya kuɗin jirgi ta kwaso talakawan Turai su zo aikin kofi, kuma manyan lokacin ba su ɓoye ba cewa so suke jinin ƙasar ya yi fari. To ina 'yantaccen bawa zai nufa? Sai gefen gari da kan tsaunuka, ya kafa bukka. Mafarin unguwannin marasa galihu da ake kira fabela ke nan. Yau sama da mutum miliyan 16 ke zaune a cikinsu. A Rio de Janeiro, unguwar Rocinha tana kan dutse, tana kallon gidajen attajirai na bakin teku. Yaro a can yana tsakanin 'yan ƙwaya da harsashin 'yan sanda, kuma yawancin waɗanda ake kashewa samari ne baƙaƙe. Da yawa cikin 'yan ƙwallon da kake gani, daga irin waɗannan unguwanni suka fito.

Ba zan ce ba su yi komai ba. Bayan mulkin soja na 1964 zuwa 1985, an samu sauyi. Shugaban ƙasa Lula, wanda shi kansa ya yi sana'ar goge takalmi yana yaro, ya kawo shirin Bolsa Família a 2003: a ba gidan talaka kuɗi duk wata, galibi a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. Wannan sharaɗin shi ne ya burge ni. A 2012 kuma aka yi dokar da ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga ɗaliban makarantun gwamnati, da kaso na baƙaƙe da ruwa biyu da 'yan asalin ƙasa a ciki. Yanzu akwai likitoci da lauyoyi waɗanda iyayensu mata aikatau suka yi a gidajen masu kuɗi, ko da yake har yau idan ka shiga majalisarsu ko manyan kotuna, farare ne suka cika kujerun.

An kira magariba a nan, bari in tsaya. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a can.