Wai firank na kai mutum kaso?

Ɗan uwa ka tambaya ko firank ɗin da ƙanenka ke yi a TikTok, wato tsokanar mutane ba su sani ba ana ɗaukar bidiyo, zai iya kai shi kaso. Sosai ma. Dubi Mizzy, yaron nan na Landan, gidajen mutane yake faɗawa ba sallama waya na ɗauka, kotu ta hana shi saka bidiyon mutane ba izininsu ya ƙi ji, a 2023 alƙali ya yanke mishi sati 18. Nan Nijar ma dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. Wani yaron unguwarmu nan Yamai ya jefa ma mai shayi macijin roba, bawan Allah ya zabura buta ta kife mishi a ƙafa, wallahi a komisariya yaron ya kwana, sai da uwarshi ta saida akuya ta biya kuɗin magani.