Na'ura ce ta riƙe masa rai a Jidda, yanzu ana so ya koma gona

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara don wallahi kaina ya kulle. Maigidana direba ne a Jidda, kwanaki ya yi mura da zazzaɓi kamar wasa, kwana huɗu sai ƙirji ya riƙe numfashi ya ƙi, ya yanke jiki ya faɗi a wajen aiki. Likitoci suka ce tsokar zuciyarsa ce ta kumbura, suka jona shi da wata na'ura har kwana tara. Abokinsa ya nuna min shi ta waya, na ga roba biyu masu kauri kamar tiyon ban ruwa sun fito daga cinyarsa, jinin ɗaya baƙi-baƙi ɗayan kuma ja jawur, ranar ko ruwa ban iya sha ba.

To Allah ya tashi kafaɗunsa, wata biyu kenan da sallamarsa, yana gida. Matsalar ita ce damina ta sauka, yayansa ya ce wanda ke tashi da malmala biyu ta tuwo ai ba mara lafiya ba ne, ya fito noman gandu kamar kowa, Inna kuma ta ce iska ce ta buge shi a ƙasar mutane, a ajiye ƙwayoyin nan a ba shi jiƙo. Shi kuma kunya ta hana shi magana. Shekaranjiya ya saɓi fartanya ya fita, ko kunya biyu bai gama ba ya dawo gindin darbejiya yana haki, gumi sharkaf. Kuma ƙafar da aka sa robar tana masa sanyi wani lokaci. Ni suruka ce, in na yi magana a ce na mallake shi. Ya zan yi?

Daga ƙanwarki, wani ƙauye a gefen Gumel

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya. Na'urar nan sunanta ECMO, kuma ina so ki gane aikinta don shi ne amsar yayan nasa. Tana zuƙo jini daga babbar jijiya, ta cire masa gurɓatacciyar iska ta sa masa iskar oksijin, sannan ta harba shi cikin jiki, shi ya sa kika ga launi biyu. Wato aikin zuciya da na huhu ta karɓa. Amma ba ta warkar da komai, aron lokaci kawai take yi har kumburin ya sauka. Irin wannan ciwo sau da yawa ƙwayar cuta irin ta mura ce ke jawo shi, kuma yana kama matashi mai ƙarfi wanda bai taɓa ciwon zuciya ba, don haka maganar iska ba ta taso ba. Abin daɗin shi ne masu wannan ciwo in sun tsallake kwanakin farko, da yawansu zuciyar na dawowa daidai ko kusa da daidai.

Sai dai fa tana bukatar lokaci. Likitocin zuciya na hana aikin ƙarfi wata 3 zuwa 6, kuma ko sun cika sai an sake gwaji. Dalili kuwa, tsokar da ba ta gama warkewa ba in aka matsa mata bugunta na iya rikicewa farat ɗaya, mutum ya faɗi a tsakiyar gona, daga nan zuwa asibiti kuma kin fi ni sanin nisan. Cin tuwo ba shi ne shaidar lafiya ba.

Ke kada ki ja da Inna ko yayansa, ba za ki ci riba ba. Ki lallaɓa maigidan ya tattara takardun Jidda su je asibitin Malam Aminu Kano ɓangaren zuciya, a yi masa hoton zuciya da gwajin bugunta, kuma yayan ne zai raka shi, ya ji da kunnensa daga bakin likita. Rabonsa na noma a ɗauki ɗan ƙwadago, ko akuya ce a sayar, ta fi sauƙi. Inna kuma ki roƙe ta addu'a da tofi, wannan ba ya karo da magani, jiƙon da ba a san me ke ciki ba ne matsalar. Ƙwayoyinsa kada ya tsallake ko ɗaya, a rage gishiri da magi, kuma kada ya sayi maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a kemis.

Ƙafar nan ma a nuna wa likita, don robar na iya taɓa jijiyar da ke kai jini ƙasa. In ta yi sanyi ƙalau ta sauya launi, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya kasa kwanciya sai a zaune saboda numfashi, ko ya suma, kada a jira gari ya waye, a nemi mota a daren.