Na gama littafina: in buga ko in saka a WhatsApp?

Ƴar'uwa, kin ce kin kammala littafinki na farko nan Maraɗi, kina shakkar inda za ki fara.

Ki ba malamin Hausa ya duba miki tukuna, musamman ƙ, ɗ, ɓ da rabuwar kalmomi, don marubuci ba ya ganin kurensa. Sannan ki yi rajistarsa a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa da ke Yamai. Da zarar littafi ya shiga guruf, kwafe shi ake yi a goge sunan mai shi, abin takaici. Saki babi biyu kawai, ki ji ra'ayin masu karatu.

A maɗaba'a kada ki biya duka tun farko. Karɓi kwafin gwaji, ki bi shi shafi-shafi. Yarjejeniya kuwa a rubuce, lauya ya gani kafin ki sa hannu.