Manhajar da ba ta kan intanet ma tana buƙatar makulli

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ofishin kawuna a Shara Mansur, Makka, muna tura wa alhazai kayansu zuwa Kano. Na rubuta 'yar manhaja da harshen Python da Flask, kayan haɗa shafin intanet, a burauza ake buɗe ta, ina so ta tsaya da ƙafarta, a danna ta buɗe ko babu intanet. Cikinta akwai lambobin fasfo da na wayar mutane. Wani ya ce mini tunda a kwamfutar ofis kawai take, ba ruwana da tsaro, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Naɗe manhajar ba shi ne wuya ba. Tunda Flask ka iya, haɗa ta da pywebview ya ba ta tagar kanta, ka dunƙule da PyInstaller ta zama abin dannawa a buɗe, bayanai su zauna a SQLite, ma'ajiyar bayanai ta fayil ɗaya. Electron, wani kayan naɗe manhaja, ma zai yi, a kansa aka gina manhajar rubuta kod ta VS Code, sai dai yana ɗauke da Chromium, injin burauzar Chrome, sukutum, tsohuwar kwamfuta sai ta yi nishi. Takwaransa Tauri yana aron WebView2, injin burauza na Windows, ya fi sauƙin nauyi, amma sai ka taɓa harshen Rust.

Maganar mutumin nan ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta. Manhaja irin taka da fuskarta ke burauza, akwai saba, wato ɓangaren da ke amsa saƙonnin burauza, a bayanta tana sauraro a wata ƙofa, a Flask ƙofa ta 5000. In ka bar ta a 127.0.0.1, adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi, kwamfutar kaɗai take amsa wa. Amma masu koyarwar gaggawa a bidiyo sai su ce ka rubuta 0.0.0.0 don "ta yi aiki", ba sa faɗa maka ka buɗe wa duk wanda ke kan waifai ɗin ofis. Da idona na gani a wani ofishi a Jidda: na haɗa wayata da waifai ɗinsu, na rubuta adireshin kwamfutar maigidan, sai ga sunayen alhazai da lambobin fasfonsu reras, ko kalmar sirri ba a tambaye ni ba. Kuma an bar debug, yanayin neman kurakurai, a kunne, wanda ke tona asirin kodinka ga duk wanda ya jawo kuskure.

Ko 127.0.0.1 ɗin ma bai gama rufe ka ba. Shafin da yaron ofis ya buɗe a Chrome zai iya aika wa sabarka umarni ta bayan fage, tunda a kwamfuta ɗaya suke. A 2019 an gano Zoom na barin saba irin wannan a kwamfutocin Mac, shafi kan iya jefa mutum cikin kira kyamararsa a kunne, har sai da Apple ya tura gyara ya cire ta. Balle manhajar da aka rubuta bayan sallar isha'i.

Don Allah a ji tsoron Allah da bayanan mutane. Tsohuwar da ta miƙo maka fasfonta amana ta ba ka, kuma Saudiyya na da dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumba 2023. Saboda haka ka tsaya a 127.0.0.1, ka kashe debug, duk lokacin da manhajar ta tashi ta ƙirƙiri sabuwar lambar sirri, saƙon da bai zo da ita ba a ƙi shi. Ka duba Host na kowane saƙo, wato sunan adireshin da aka aiko shi gare shi, in ba na kwamfutarka ba ne ka ƙi shi. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, har kawunka. Kwafin SQLite ɗin kuma a ajiye shi a filashi mai makulli, a cikin durowar maigida.