Kaji masu saran juna, birai masu ɓarna: amsoshin wasiƙunku

Wata mai kiwo ta rubuto cewa ta zuba sabbin kaji 20 cikin tsofaffi 60, kafin kwana uku biyu sun mutu, sauran duk an fige musu gashin wuya da na wutsiya. Ta riga ta sayo maganin ƙwayoyin cuta mai tsada, tana tambaya ko ta ƙara wani.

Hajiya, a ajiye maganin nan. Ba cuta ke damun kajinki ba, rikicin girma ne, kuma wannan tambaya ta yawaita ƙwarai. Kowane garken kaji yana da tsarinsa: akwai babba da ke saran kowa, akwai ta ƙasa da kowa ke sara. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana wannan tun wajen 1922. Da zarar kowace kaza ta san matsayinta sai faɗa ya lafa, harara ma ta wadatar. Kin kawo baƙi, kin rushe tsarin, dole a sake zama.

Abin da ya kamata tun farko shi ne a killace sabbin a wani wuri na mako biyu ko fiye saboda cuta, sannan a raba su da tsofaffin da ragar waya na mako guda, suna ganin juna ba sa kai wa juna. A haɗa su da dare, kuma girmansu ya zo kusan ɗaya. Yanzu kuwa, fitar da duk mai jini nan take, domin jan abu na jawo kaza, tana gani za ta yi ta caccaka har ta kai ga hanji, musamman a dubura bayan saka ƙwai. Wanke mikin, shafa shuɗin maganin nan na rauni don ya ɓoye jan. Duba wurin ci: kowace kaza na buƙatar santimita 10 a doguwar mazubi, kuma mazubi biyu nesa da juna ya fi ɗaya babba, saboda babbar ba za ta iya tsare duka biyun ba. Kada a wuce kaji biyar ko shida a murabba'in mita ɗaya, a tanadi gurbin ƙwai ɗaya ga kaji biyar a wuri mai ɗan duhu. A rage hasken fitila. Abincin da ya gaza furotin, wato sinadarin gina jiki, ko gishiri shi ma yana sa su cin gashin juna. A rataye musu ɗanyen ganye, a watsa ɗan hatsi cikin shimfiɗa su shagala da tono. Idan an gano guda ɗaya ce mai tsokana, a cire ta kwana biyar, za ta dawo darajarta ta ragu.

Mai tambaya kan zakaru uku cikin kaji goma sha biyu: Malam, zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, ka cire biyu.

Wani manomi kuma ya ce gwaggon biri sun addabi masararsa, yana shirin harbe babban namijin ko ya sa guba. Guba dai kada ka soma, za ta kashe karnuka da ungulu, ta iya kai wa ga yara, kuma a wurare da dama doka ta hana. Kashe babban ma ba ya korar garken. A wajen gwaggon biri mata ne tushen garke, a nan aka haife su a nan suke zama, 'ya tana gadon matsayin uwarta. Maza ne ke yawo daga garke zuwa garke, don haka kana kashe ɗaya wani zai shigo ya maye gurbinsa. Abin da ke aiki shi ne gadi daga asuba zuwa faɗuwar rana tun daga lokacin da masara ta fara ido har girbi, da share fili mai faɗi tsakanin gona da daji, don suna shakkar tsallaka sarari. Babban mutum da kare ya fi yaro tasiri, sun san bambancin. Mutum-mutumi kuwa kwana kaɗan suke gane shi. Ku haɗa kai da maƙwabta a yi gadin bi da bi, in ba haka ba kowa zai riƙa koro su zuwa gonar ɗan'uwansa.