Ya dawo hayyacinsa, amma barci da ƙiba sun yi yawa

TAMBAYA: Salam likita, daga Agege nake rubutowa. Maigidana albasa yake sayarwa a Mile 12, bara ya shiga wani hali, kwana huɗu ba barci, surutu ba tsayawa, ya rabar da jarinsa wai shi attajiri ne. A asibiti suka ce bipolar ne, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum zumuɗi fiye da kima wani lokaci kuma tsananin damuwa, suka ɗora shi kan maganin olanzapine. Alhamdulillahi ya dawo daidai, to amma yanzu barci kamar kasa, da asuba sai na yi ta fama, ga ci, ga tumbi ya fito, 'yan'uwansa kuma sun ce a bar ƙwayar nan a koma ruƙiyya. Dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kar a tsayar da maganin nan farat ɗaya, ciwon yana iya dawowa, kuma ke kika san abin da kika gani bara. Addu'a a ci gaba da yi, ai ba ta hana shan ƙwaya.

Shi olanzapine yana rage aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dopamine, shi ya sa zumuɗin ya lafa har barci ya samu. Amma gaskiya a cikin irin waɗannan magunguna yana sahun gaba wajen buɗe ciki da sa ƙiba, kuma abin da ya fi damuna ba tumbin ba ne, suga da kitsen jini ne da ke hawa shiru ba wanda ya sani, saboda haka a riƙa auna nauyinsa da sugansa, a rage lemon kwalba da shayi mai kauri da burodin Agege ɗin nan, na san da wuya.

Ku koma wurin likitansa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ki faɗi komai har maganar asuba. Zai iya cewa a sha da wuri bayan magariba, ko ya rage, ko ya canja. Sai dai kowane magani da tasa matsalar, aripiprazole bai cika sa ƙiba ba amma wasu yakan hana su zama wuri ɗaya, risperidone na iya rage sha'awa, haloperidol kuma rawar hannu da sandarewar jiki.

In yana jin magagi kar ya tuƙa mota ko babur. In kuwa kika ga zazzaɓi mai zafi tare da sandarewa da ruɗewa, a kai shi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.